Laifin Suna a Kan Ruwan Lagireto

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da bazara, ba ya rasa ganin mota a gefen titi, tururi na tashi daga injinta, karen mota kuwa ya nufi rijiya da galan. A ganina, wani kaso na wannan wahala laifin suna ne.

Ruwan nan mai launi da ake zubawa a lagireto, Turawa sun raɗa masa sunan da ke nufin mai hana daskarewa, domin a ƙasashensu sanyi kan mai da ruwa ƙanƙara har ya tsaga inji. Da bakanikenmu ya ji haka, sai ya ce ina ruwanmu, ai ko tsakiyar hunturu ruwa ba ya daskarewa a nan. Gaskiyarsa, amma rabin labarin ya ji. A cikinsa akwai magungunan da ke hana tsatsa cin ƙarfe da alminiyam. In kuwa aka gauraya shi da ruwa rabi da rabi, sai ya kai kimanin digiri 107 kafin ya tafasa, alhali ruwa zalla a 100 yake tafasa. Shi ko ruwan rijiya, gishirinsa kan yi ɓawo a siraran hanyoyin lagireto, kamar yadda yake yi a gindin tukunya, har su toshe.

Saboda haka nake roƙon malamai da 'yan'uwa ɗalibai mu kira shi maganin tsatsar lagireto. Duk inda aka rubuta sunan kuwa, a ƙara gargaɗi: yana da zaƙi, amma guba ne mai kashe ƙoda, kada a bar shi inda yaro ko akuya za su kai baki.