Wa Muke Jin Kunya Har Muke Gudun Gwajin Jini?



A zumuntarmu muna iya kwana muna addu'ar samun miji nagari ko mace tagari, amma da an ce a je asibiti a gwada jini sai kowa ya sunkuyar da kai. Bakin mutane muke tsoro: kada a gan ka a layin gwaji a fara tsegumi, kada iyayen yarinya su ce an raina gidansu don an tambayi jininta.

Ga abin da muke rufe wa ido. Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ciwon sikila. Mai jinin AS yawanci lafiyarsa ƙalau, sai an gwada zai sani. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kuma lafiyar ɗan fari ba ta kare na biyu. Yaron ne zai kwana yana kukan ciwon ƙashi, ana neman jinin da za a ƙara masa, waɗanda aka ji kunyarsu kuwa suna gida suna barci.

Wani zai ce yin gwaji rashin bangaskiya ne. A ina aka rubuta haka? Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne (Kolosiyawa 4:14). Wanda ya dogara ga Ubangiji da gaske zai iya buɗe takardar sakamako ya karanta.

Laifin har da namu. Mu ne muke yaɗa sirrin ɗan'uwa da sunan roƙon addu'a. Mu ne muke kallon mai sikila kamar an la'anta gidansu, alhali Yesu ya ƙi ɗora makantar mutumin nan a kan zunubinsa ko na iyayensa (Yohanna 9). Wanda ya ga yadda muke yi da su, ta yaya zai je gwaji?

Kuma mu daina jira sai fasto ya nemi takarda, bayan an kai sadaki an ɗinka anko. A lokacin kunya ta riga ta ɗaure kowa, har wasu su nemi takardar jabu. Ɗan'uwa, ka san jininka kafin ka ce wa yarinya kana sonta. 'Yar'uwa, ki tambaya tun farko, ba rashin kunya ba ne.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin hali, ya kuma tsare bakinmu. Amin.