TAFIYA MABUƊIN ILIMI: Jirgin Raj da Simran daban, na gaske daban

A wannan watan alƙalami ya karkata ne ga 'yan'uwan mu na Jihar Kebbi, saboda wasiƙu biyu da su ka iso mana, ɗaya daga Argungu, ɗaya daga Birnin Kebbi. Mai ta farko ɗalibi ne da ya samu gurbin karatu a Indiya, ta biyun kuma wata 'yar'uwa ce za ta raka mahaifiyar ta asibiti can. Duk an ce masu in sun sauka Delhi sai sun hau jirgin ƙasa kafin su kai garin da za su, ga shi ba su taɓa taka tarago ba. Yaya za su yi?

To ai ba abin kunya ba ne. Jihar Kebbi ba ta da layin dogo. Reshen da Turawa su ka ja daga Zariya ya bi Funtuwa da Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, ko Sakkwato bai kai ba balle ƙasar Kabi. Ɗan Argungu ya san kwale-kwale, ya san gora da homa a Matan Fada, ya san tashar mota. Jirgin ƙasa kuwa a gidan kallo yawancin mu mu ka koye shi, kuma nan matsalar ta ke, domin malaman namu 'yan fim ne.

Ku tuna ƙarshen Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Jirgi ya ɗaga, Shah Rukh Khan ya na bakin ƙofa ya miƙo hannu, Amrish Puri ya saki Kajol, ta sheƙa a guje har ta kama. Wa bai yi tafi ba? Amma wancan jirgi umarnin darakta Aditya Chopra ya ke bi. Na gaske agogo ya ke bi. Ba irin motar Argungu zuwa Birni ba ce da ɗan kamasho zai ce "direba dakata, ga wani nan tahe." Tun ranar 16 ga Afrilu, 1853 Indiya ta fara jigilar fasinja daga Bombay zuwa Thane, yau dogon ta ya haura kilomita 68,000, tashoshi sun fi 7,000, kuma kusan mutum miliyan 20 ke hawa a kullum. A cikin wannan taro babu mai jiran ka, malam.

TIKITI TUKUNA

Manyan jiragen nesa ba a zuwa tasha a ce "ba ni na Mumbai" a shige. Gado ake kamawa da suna tun da wuri, a shafin intanet na IRCTC ko a tagar sayar da tikiti. Tun daga 1 ga Nuwamba, 2024, ana buɗe ciniki ne kwana 60 kafin ranar tafiya, kuma lokacin bukukuwan su irin Diwali da Holi gadaje kan ƙare nan da nan. In katin bankin ka na gida ya ƙi aiki a shafin, nemi ofishin baƙi na makarantar ko asibitin da za ka su taimaka.

Akwai na gaggawa da su ke kira Tatkal, wanda ake buɗewa ana gobe tafiya. Sai dai daga Yulin 2025 sayen sa ta intanet sai mai katin shaidar su na Aadhaar, don haka sabon baƙo kar ya ɗora buri a kai.

In tikiti ya zo hannu, duba haruffan da ke jikin sa, don su ne hukunci. CNF na nufin gado ya tabbata. RAC na nufin za ka hau, amma ku biyu za ku raba gado ɗaya a zaune sai in wani ya fasa. WL kuwa layin jira ne. Nan baƙi da yawa ke shan kunu: wanda ya saya ta intanet, aka fitar da jerin sunaye ya na nan a WL, tikitin sa ya mutu, kuɗin sa za su dawo, in ya hau kuma daidai ya ke da marar tikiti. Kowane tikiti ya na da lamba mai alƙaluma 10 da ake ce wa PNR, da ita za ka riƙa duba matsayin ka a waya. Sunan da ke tikitin ya zama daidai da na fasfo, domin mai duba tikiti zai nemi ganin sa.

WANE TARAGO?

Taragu aji-aji ne. Masu esi su ne 1A, 2A da 3A, ana ba da bargo da zanen gado da matashi. SL na kwana ne marar esi, ya fi araha amma ya fi hayaniya da ƙura. Na gama-gari kuwa, wanda ba a kama wuri, kar ka gwada shi da kaya a tafiyar nesa. Ga ɗalibi 3A ya wadatar. 'Yar'uwa mai rakiyar Inna, ki nemi 2A in aljihu zai ɗauka, kuma ki roƙi gadon ƙasa tun wajen saye, don marar lafiya ba ta iya hawa tsani cikin dare. Shi ko saurayi gadon sama ya fi masa, ba mai tashin sa. A 3A gadon tsakiya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ake shimfiɗa shi, da rana a naɗe kowa ya zauna a na ƙasa.

TASHA BA ƊAYA BA CE

Wannan ku riƙe shi da kyau. A Delhi akwai tashar New Delhi, akwai ta tsohon gari, akwai Hazrat Nizamuddin, akwai Anand Vihar. Mai son ganin Taj Mahal a jirgin Gatimaan, daga Nizamuddin zai tashi, minti 100 ya na Agra. Mumbai ma haka, akwai CSMT, Mumbai Central, Bandra da Lokmanya Tilak. Ka ce wa mai tasi "kai ni tasha" kawai, ya kai ka wadda ya ga dama. Nuna masa sunan da ke tikiti.

Jirgi kuma da lamba ake gane shi, mai alƙaluma 5. Ita za ka nema a allo, ka ga dakalin da zai tsaya, sannan ka nemi lambar taragon ka, misali B2 ko S5, ka tsaya daidai nan. Jirgi ɗaya kan ja tarago fiye da 20, ba ka son gudu da akwati daga wannan kai zuwa wancan.

Sai agogo. Indiya ta na gaban Nijeriya da awa huɗu da rabi, kuma lissafin awa 24 su ke yi. Jirgin da aka rubuta 00:20 ranar Talata, daren Litinin za ka je tasha. Wanda ya je daren Talata labari zai tarar. Ka iso da awa guda a hannu. A Disamba da Janairu hazo kan jinkirta jirage a arewacin ƙasar, don haka kar ka haɗa saukar jirgin ƙasa da tashin jirgin sama a rana ɗaya.

ABIN DA FIM YA YI, KAI KAR KA YI

A Dil Se na 1998 mun ga Shah Rukh da Malaika Arora su na rawa a kan rufin jirgi. Wancan ƙaramin jirgin tsaunin Nilgiri ne mai tafiyar hawainiya. Akasarin manyan layukan Indiya yanzu na lantarki ne, wayar da ke saman su volt 25,000 ta ke ɗauke da shi, kuma hawa rufi laifi ne a doka. Haka jan sarƙar tsayar da jirgi ba dalili, tara ce ke biyo baya. Rataye a ƙofa don ɗaukar hoto kuwa wasa da rai ne. A layukan cikin garin Mumbai kaɗai an rasa sama da mutum 2,000 a 2023, haka ma a 2024, da yawan su wajen tsallaka dogo ne ko faɗowa daga ƙofa. Gada aka yi don tsallakawa, bi ta. Sababbin jiragen Vande Bharat da aka fara a 2019 ma ƙofar su da kan ta ta ke rufewa, ko Raj ya miƙo hannu ba hanya.

Ku tuna Jab We Met na 2007, inda Kareena Kapoor ta tsaya cacar baki kan kuɗin ruwa a tashar Ratlam jirgi ya tafi da kayan ta. Ita dai ta samu Shahid Kapoor, ke wa za ki samu? Tashoshi da yawa minti biyu ake yi. In ba dole ba kar a sauka, in an sauka fasfo da waya da kuɗi su na jiki. Masu tafiya da yara su kalli Lion na 2016, labarin gaske na yaro ɗan shekara biyar da barci ya kwashe a tarago, ya tsinci kan sa a Kolkata, sai bayan shekara 25 ya ga mahaifiyar sa.

In ka ga tasha ta cika maƙil, ja gefe ka bar matakala. Ranar 15 ga Fabrairu, 2025 turmutsutsu ya kashe mutum 18 a tashar New Delhi, lokacin bikin Kumbh.

HATTARA DA MASU DAƊIN BAKI

A bakin tashar New Delhi akwai masu tarar baƙo da fara'a, su ce an soke jirgin ka ko an rufe ofis, su ja ka wani shago ka sayi sabon tikiti da tsada. Kar ka miƙa wa kowa tikitin ka a waje. Shiga ciki ka duba allo, ko ka kira 139, lambar taimako ta hukumar jiragen. Ɗan dako na gaskiya jar riga ya ke sawa da lambar tagulla a damtse, kamar Amitabh Bachchan a Coolie na 1983. Ku yanke kuɗi kafin ya ɗora kaya a ka.

A cikin tarago Indiyawa mutane ne masu son hira, in ka ambaci sunan jarumi ɗaya an zama 'yan'uwa. Yi hirar ka, amma biskit ko shayi daga hannun wanda ba ka sani ba, ce na gode. Akwai ɓarayin da ke saka maganin barci, ka farka ba jaka ba fasfo. Sayi ƙaramar sarƙa da kwaɗo ka ɗaure akwati a ƙarƙashin gado, jakar takardu kuma ta zama matashin ka. Ruwa sai na gora mai hatimi. In ka na shakkar yankan nama, nemi abinci mai koren ɗigo a jikin kwali, wannan ba nama a ciki. 'Yan mata kuma, a jiragen cikin gari akwai taragon mata zalla, ku neme shi. Samari ku kiyaye shi, ba a karɓar "ban sani ba."

Wanda zai je Abuja neman biza, in da hali ya gwada jirgin Idu zuwa Rigasa da aka buɗe a 2016, ko don ƙafa ta saba da tarago. Wanda kuma Allah ya kai shi Mumbai Central, ya tsallaka titi ya leƙa sinimar Maratha Mandir, inda fim ɗin Raj da Simran ya cika shekara 30 ana nuna shi a 2025. Can ne wurin gudun bin jirgi, kai ka na zaune da gyaɗar ka.

A wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba jirgin Haramaini da ke tsakanin Makka da Madina, don masu niyyar Umara. Matafiyan mu biyu, Allah ya kai ku lafiya, ya ba Inna sauƙi, ya ba ɗalibi sa'a. Sai mun ji daga gare ku.