Dutsen Ngaski da Shaidar Haske

Mai sayar da hatsi a kasuwar Yelwa yana da mudu, mai kifi a bakin tafkin Kainji yana da kwando, kuma mai saye da mai sayarwa duk idonsu na kan kayan. Amma mutumin da ya haƙo dutsen litiyam a Libata, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, yana sayar da abin da idonsa bai iya gani. Sikeli na faɗa masa nauyin buhu, ba ya faɗa masa yawan ma'adinin da ke ciki. Wannan sanin yana hannun mai saye, kuma wanda ya riƙe sani shi ke yanke farashi.

Ana auna darajar irin wannan dutse da kason litiyam oksaid da ke cikinsa. Sifodumin, wanda masana'antu suka fi nema, ko da tsantsarsa ne bai wuce kashi 8 cikin 100 ba, kuma kasuwar duniya ta fi ciniki da wanda aka tace ya kai kusan kashi 6. Lefidolait, mai ɓare-ɓare da launin shunayya, yawanci bai kai haka ba. Tan guda mai kashi 1.5 yana ɗauke da kilo 15, mai kashi 5 kuwa kilo 50, alhali a ido dukansu duwatsu ne masu fari-fari. Idan baƙin ƙarfe ya yi yawa a ciki, farashi ya ƙara faɗuwa, kuma shi ma ba a ganinsa.

Hanyar gano ɓoyayyen ta tsufa. A 1859 da 1860, a birnin Heidelberg na Jamus, Robert Bunsen da Gustav Kirchhoff suka nuna cewa kowane sinadari, idan aka zafafa shi, yana fitar da haske mai launukan da suka keɓanta da shi. In aka ratsa hasken ta gilashi mai kusurwa uku, sai ya warwatsu kamar bakan gizo, layukan kowane sinadari su fito a muhallinsu, kamar yadda zanen fuska ke nuna asalin mutum. Litiyam jan layi yake bayarwa, a wajen nanomita 671. Wannan shi ne ilimin tantance haske, wanda Turawa ke kira sifektiroskofi. Abin sha'awa, a cikin lefidolait ɗin nan ne mutanen biyu suka gano sabon sinadarin rubidiyam a 1861.

Sai dai akwai tarko da ya kamata jami'an Birnin Kebbi su sani kafin su ware kuɗin sayen na'ura. Bindigar gwaji ta XRF, wadda aka fi sani a wuraren haƙar ma'adinai, kuma irinta aka yi amfani da ita wajen auna dalma a ƙasar ƙauyukan Zamfara bayan annobar 2010, ba ta ganin litiyam. Shi ne sinadari na uku a jerin sinadarai, kuma rashin nauyinsa ya sa alamar da yake mayarwa ta yi raunin da na'urar ba ta kamawa. Tana da amfani ga masu zinariya na Yauri, tana kuma nuna baƙin ƙarfe da sauran gurɓi, amma duk wanda ya ɗora ta kan dutse ya karanto kason litiyam, kintace yake yi daga wasu sinadaran da ke rakiyarsa.

Wadda ke ganinsa kai tsaye ita ce LIBS. Tana harba hasken lesa kan ɗigon dutse, ɗigon ya ƙone ya zama tartsatsi, na'urar ta karanta launukan tartsatsin cikin daƙiƙoƙi. Ita ma ba waliyyiya ba ce. Ɗigo ɗaya take gani, dutse kuwa ba gari ba ne da za a ce ko'ina ɗaya, don haka dole a niƙa samfur a gauraya, a kuma riƙa daidaita na'urar da sakamakon babban ɗakin gwaji inda ake narkar da dutsen. Akwai kuma hanyar Raman, mai sunan masanin Indiya C. V. Raman da ya gano ta a 1928, wadda ke faɗin ko wane irin ma'adini ne ke riƙe da litiyam ɗin, domin hanyar tace sifodumin daban take da ta lefidolait.

Ana yawan jin burin kafa masana'antar batir a duk jihar da aka samu dutsen. Tsakanin ramin Libata da batirin waya akwai tafiya mai nisa: tacewa, gasawa da zafin da ya haura digiri 1,000, wankewa da ruwan asid, har a samu gishirin da tsarkinsa ya kai kashi 99.5. Kowane mataki da awo ake tsallake shi. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam a Disamban 2022, Namibiya ta bi sahu a 2023, amma irin wannan doka tana aiki ne inda hukuma ke iya bambance ɗanye da tatacce da kayan aikinta. Farashin ma ba ya jiran kowa: tan na gishirin litiyam ya kusa yuan 600,000 a Sin a Nuwamban 2022, kafin ƙarshen 2023 ya rikito zuwa wajen 100,000. A irin wannan faɗuwa, mai haƙa da hannu ne ake fara zaftare wa kuɗi, da hujjar cewa kayansa ba su da kyau, shi kuwa ba shi da abin musu.

Gaskiya ne ma'adinai a ƙarƙashin gwamnatin tarayya suke, bisa tsarin mulki da dokar haƙar ma'adinai ta 2007, kuma jiha ba ta ba da lasisi. Amma babu dokar da ta hana ta kafa ɗakin awo. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi suna da malaman kimiyyar sinadarai. Ɗakunan binciken ƙasa na tarayya suna Kaduna don tabbatar da sakamako. Hukumar HYPPADEC, da aka kafa domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, tana da dalilin sa hannu. Abin da ake bukata ƙaramin wuri ne a Yelwa ko Wara, mai ma'aikatan da albashinsu bai fito daga aljihun mai saye ba, inda ƙungiyar mahaƙa za ta kai samfur ta karɓi takarda. Wahalar ba a sayen na'ura take ba. Tana wajen gyara, da wuta, da riƙon amana, domin takardar awo da za a iya saye da cin hanci ta fi rashinta muni.

Wannan ɗakin yana da aiki na biyu. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000, ciki har da Gungawa da ruwa ya cinye tsibiransu, tashar kuma aka girka mata ƙarfin megawat 760. Duk da haka ƙauyuka da dama na Shanga da Ngaski da sola suke samun haske, kuma sola ba ta kwana sai da batir. Da yawa daga batiran da ke shigowa kasuwa an haɗa su ne da tsofaffin ƙwayoyi da aka ciro daga kwamfutoci, aka yi musu sabuwar riga. Akwai gwajin da ke aika ƙaramar wuta mai saurin kaɗawa daban-daban cikin batir, ya auna yadda yake turjewa, ya nuna tsufansa ba tare da an fasa shi ba. Mai firjin kifi a bakin tafki, da asibitin karkara mai ajiye allurar rigakafi, suna iya kai batir a duba musu kafin su biya kuɗi.