Turken ƙarfe da shamuwar Damargu

Wani ɗalibina ya tambaye ni a aji: "Malam, me ya sa ƙananan tsuntsaye ke sauka kan wayar wuta lafiya lau, amma mun tsinci hankaka matacce a gindin turke?" Tambayar ta fi darasin da na shirya a ranar.

Tsuntsun da ya tsaya kan waya guda ba abin da zai same shi, don wuta ba ta da hanyar ratsa jikinsa. Amma turken ƙarfe a haɗe yake da ƙasa. Idan ungulu ko shamuwa ta sauka a kansa, ta buɗe fiffike ya taɓa waya, ita ce ta zama hanyar. Nan take ta faɗo, wani lokaci ma a ɗauke wa gari wuta.

Mu ƴan Tarka abin ya fi shafarmu. Tsakanin Belbeji da Tanut itatuwa sun yi ƙaranci, mun sare na sarewa, fari ya ci saura. Babban tsuntsu wuri mai tsayi yake nema, to ina zai sauka in ba kan turke ba?

Ni ma ina son wuta. Wanda ya ga yaro yana bitar karatu da tocila, ko ya ga asibiti ba firjin allurar rigakafi, ba zai ƙi ta ba. Ƙirar turken nake magana a kai. A Sudan, wani layin wuta kusa da Port Sudan ya shafe shekaru da dama yana kashe fararen ungulaye masu ƙaura daga Turai, har aka kashe shi a 2014 aka ja sabo mai rufaffiyar waya. Gyaran ba tsafi ba ne: a rufe wayar da roba inda ta kusanci turke, a ƙara tazara tsakanin wayoyi. Yinsa tun wurin kafawa ya fi sauƙi.

Wani zai ce don ungulu? Ita ke share mana mushen dabbobi kafin ya ruɓe. Shamuwa kuwa, ban da albishirin damina, fara take ci a gonar hatsi.

Na ce wa ƴan ajina kada wanda ya hau turke neman sheƙa, ko ya taɓa shi da ruwan sama. In sun ga matacce, su faɗa mini wurin da ranar. Mun ware littafi guda, kuma in shekara ta kewayo ni da iyayen yara za mu kai shi ofishin magajin gari.