TSOHON ƘARFE DA SABON FENTI

Ya ku 'yan'uwa talakawa na ƙasar Gwarzo da Kabo, bazara ta gabato, lokacin da dillalan kayan noma suke cin kasuwarsu. Daga Getso har Garo, hirar majalisa ta koma kan garmar tarakta, da haro, da rija, da tirela, har da yatsun ƙarfen nan da ake ɗaura wa ƙaramar tarakta a gaba don ɗaga kaya. Sabo dai ya fi ƙarfin talaka. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, kowane ƙarfe da ya haye teku ya yi tsada. To, sai gwanjo.

Ba mu ce gwanjo laifi ne ba. Garmar da ta yi shekara goma a gonar Bature tana iya yin wasu goma a Kabo. Abin da muke ƙi shi ne cinikin biri a sama. Mutum ya sayar da shanun nomansa, ko ɗan kasuwa ya kwashe jarinsa, ya tafi birni ya ga ƙarfe yana ƙyalli da jan fenti, ya biya. Ran da aka yi ruwan shuka, a kai gona, kunya uku ya karye. Dillali kuwa ya ce ciniki ya faɗa.

Saboda haka ku saurara. Kada ku saya sai kun je da makanikinku, ba na mai kaya ba. A kankare fenti a nemi tsaga da tsohuwar walda. A auna faifan garma, gama wanda ya cinye ba ya shiga ƙasa. A girgiza shi, in ya yi lilo boris ya mutu. A tabbata maɗaurin ya dace da taraktarku, kuma tana da ƙarfin jan abin.

Yatsun ɗaga kaya sun fi haɗari, don su rai suke ci, ba kuɗi kaɗai ba. A duba gwiwarsu, nan suke cinyewa. Masana sun tabbatar in kaurin yatsa ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsa ya ragu da wajen kashi 20. Wanda ya lanƙwashe, ko aka toshe tsagarsa da walda, ku bar wa mai shi ko kyauta ne. Ku tuna buhun masara kilo 100 ne. In aka jibga wa ƙaramar tarakta buhu biyar a gaba babu nauyi a bayanta, tana iya kifewa, ga 'yan dako tsaye a gefe.

Amma wa ya jefa mu cikin wannan hali? A farkon shekarun 1980 ana haɗa taraktar Fiat a nan Kano, ana haɗa Steyr a Bauchi. Da masu mulki sun riƙe wannan amana, da manomi bai zauna jiran abin da Turai ta yar ba. In kuwa an kawo sababbi da kuɗin jama'a, a yi biki a ɗauki hoto, talaka ya ji labari a rediyo.

Muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo su keɓe fili da makaniki inda za a riƙa gwada irin wannan kaya a gaban mai saye da mai sayarwa. Shugabannin kasuwa kuma su wajabta takardar ciniki mai shaidu, wadda ta faɗi kwanakin da za a iya mai da kaya in aibi ya fito.

Kafin su motsa, mu mu motsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum goma su haɗa kuɗi, su sayi abu ɗaya mai kyau, su yi karɓa-karɓa. Haɗin kan talakawa ne ya kai ga soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, bai kuwa fi ƙarfin dillali ba. A gwada kafin a biya, a rubuta kafin a rabu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana sawaba, amin.