Ina Labari? Zumuncin Tsofaffin 'Yan Makaranta da Labarin da Ba a Bayarwa

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya gamu da ɗan'uwansa, bayan sallama da tambayar kwana da gajiya, yakan ce masa, "Ina labari?" Amsar da ake bayarwa guda ɗaya ce tak, wato "Sai alheri." Ko da mutum ya baro gobara a gidansa, ko ya zo faɗin mutuwa, da wannan amsa zai fara kafin ya warware abin da ke tafe da shi. Masana sun daɗe da lura da irin wannan magana. Tun a shekarar 1923 Bronislaw Malinowski ya bayyana cewa akwai zancen da ake yi domin ƙulla zumunci da kawar da baƙunta kawai, ba domin isar da wani bayani ba. Gaisuwar Hausa tana cikin wannan rukuni. Saboda haka mai hankali ya san akwai sauran magana a bayan "sai alheri", kuma ba a samun ta sai an zauna an sake tambaya.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, tsofaffin abokan karatun sakandare suna jin labarin juna a yau fiye da kowane lokaci, amma galibin abin da suke ji bai wuce "sai alheri" ba. Zan kafa hujja da abin da na sani a kudancin Jihar Kano, wato yankin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, inda na tashi kuma na yi karatun sakandare a wata makarantar kwana.

Yadda Ake Jin Labari a Da

Duk wanda ya gama sakandare a shekarun 1980 ya san cewa ranar kammala jarrabawa ita ce ranar rabuwa ta gaskiya. Ɗalibai sukan yi musayar adireshi a bayan littattafansu, kuma yawanci adireshin na aro ne: akwatin gidan waya na makarantar firamaren garinsu, ko na ofishin ƙaramar hukuma, ko na wani kawu da ke aiki a Kano. Wasiƙa takan yi makonni a hanya. Wanda ya ƙagara sai ya ba direban mota saƙo a Kwanar Ɗangora, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ko ya jira ranar kasuwa ko zai ga ɗan garin abokinsa. Wasu sukan sayi katin Zaɓi Sonka su aika Rediyon Kaduna, a karanto sunayen abokansu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke Doguwa ko Riruwai kuwa, can bayan dajin Falgore, sai a shekara ba a ji ɗuriyarsa ba.

Babu shakka labari yana da wuyar samu a wancan lokaci, amma idan ya samu cikakke ne. Wanda ya biya kuɗin mota ya je gidan abokinsa yakan kwana, ya ci tuwon gidan, ya ga rumbu, ya ga yara, ya ga halin da iyaye suke ciki. Abin da baki ya ɓoye ido yakan gani, domin labarin zuciya a tambayi fuska.

Da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, sai al'amari ya fara sauyawa. Daga baya Facebook da WhatsApp suka yaɗu, har ya kasance da wuya a sami 'yan aji guda da ba su da zaurensu a waya. Abokan da suka shekara ashirin ba su haɗu ba sun gano juna. Wannan alheri ne babba, kuma ba na cikin masu ƙyamar sa. Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne irin labarin da ke yawo a waɗannan zauruka.

Labarin da Ake Bayarwa da Wanda Ake Ɓoyewa

Wanda ya nazarci saƙonnin irin wannan zaure na tsawon wata guda zai ga kusan dukkansu sun kasu gida uku. Na farko shi ne labarin ɗaukaka: wane ya zama darakta, wane ya sami digiri na uku, an naɗa wane sarauta, wane ya sauka lafiya daga aikin Hajji. Na biyu shi ne gayyata: ɗaurin aure, da suna, da walimar saukar karatu. Na uku shi ne sanarwar rasuwa. Tsakanin ɗaukaka da rasuwa akwai fili mai faɗi da ba a jin komai daga cikinsa, alhali a nan ne mafi yawan mutane suke rayuwa. Ba a jin labarin wanda aka sallama daga aiki, ko wanda ruwa ya cinye masa gonar shinkafa a Tudun Wada, ko wanda ya yi ritaya yana jiran haƙƙinsa, ko wadda aurenta ya mutu ta koma gida da 'ya'ya. A nan Kiru gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta buɗe cibiyar gyaran tarbiyyar matasa masu shaye-shaye a zangonta na biyu, tsakanin 2011 da 2015, abin da ke nuna girman matsalar a jihar. Amma ban taɓa jin uban da ya gaya wa abokan karatunsa cewa ɗansa ya faɗa wannan hali ba.

Bari in ba da misali da kaina, domin laifin da nake magana a kai ina cikin masu shi. Akwai wani abokin karatunmu da ya fi kowa iya lissafi a ajinmu. Shi ne yake sake koya mana darasin da ya gagare mu, da fitilar ƙwai, bayan an kashe injin wuta. A shekarar da muka gama mahaifinsa ya rasu, sai ya koma ƙauyensu a ƙasar Kiru ya riƙe gandu, yana noman masara da dawa. An saka shi a zaurenmu, amma bai taɓa cewa uffan ba. Wata Sallah na kira shi. Na ce, "Ina labari?" Ya ce, "Sai alheri." Na ji muryarsa ta yi ƙasa, na ce, "Yaya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na shiga ba shi labarin taron da muke shiryawa. Kowane Bahaushe ya san cewa ko mai gargarar mutuwa "da sauƙi" yake cewa, kuma ni da kaina nake koya wa ɗalibai wannan a aji. Duk da haka ban sake tambaya ba.

Bayan 'yan watanni aka sanar da rasuwarsa. Kafin la'asar addu'o'i sun cika zaure, cikin kwana biyu an haɗa kuɗi masu kauri na ta'aziyya. Da muka je, ƙaninsa ya gaya mana cewa ya fi shekara yana jinya, ya sayar da shanun noma, daga ƙarshe ya daina sayen magani. Abin da muka kai wa marayunsa ya isa ya riƙe shi watanni da yawa. Rai na Allah ne, kuma wa'adi ba ya wuce lokacinsa, amma wannan bai wanke mu daga sakaci ba.

Dalilan Wannan Shiru

Dalili na farko shi ne kunya da kare mutunci. Tarbiyyar Bahaushe ta hore shi da rufa wa kansa asiri, kuma yana ganin kai kuka gaban jama'a zubar da girma ne. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, amma al'adar da ta zo da ita ta tanadi maganinta, wato ziyara da keɓewa da aboki. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa, kuma ba a gaya masa a bainar mutum ɗari. Mun riƙe kunyar, mun saki ziyarar.

Dalili na biyu ya shafi harshe. A makaranta kowa yana da laƙabinsa, ɗan hakimi da ɗan talaka kwanon abinci ɗaya suke riƙewa, layi ɗaya suke bi. Yanzu kuwa sai ka ji ana kiran wani "ranka ya daɗe", wani "yallaɓai", wani "Farfesa", wani "Onarabul", sauran kuma a kira su da sunan yanka. Kalmomin girmamawa aikinsu shi ne nuna tazara tsakanin mai magana da wanda ake yi wa. Da zarar sun shigo tsakanin sa'o'i, sai zaure ya koma fada. A fada kuwa gaisuwa da kirari ake yi, kuma mai ƙaramin ƙarfi yakan zauna daga baya ya yi shiru. Haka nan yawan rubutu da Turanci yakan ture wanda ya shekara talatin rabonsa da shi.

Dalili na uku shi ne tsada. Akwai wanda wayarsa ba ta shiga intanet, akwai wanda kuɗin data a wurinsa kuɗin cefane ne. Mata kuwa, da yawansu aure ya ɗauke su tun kafin a gama, wasu kuma ba a ma neme su ba. Ke nan waɗanda suka fi buƙatar a ji labarinsu su ne suka fi nisa da inda ake ba da labarin.

Darasi daga Magabata

Haɗuwar tsofaffin ɗalibai ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. An kafa Kwalejin Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kafin a sa mata suna Barewa a 1971. Ita ce ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Aminu Kano. Tsofaffin ɗalibanta sun kafa ƙungiyarsu a 1939, shekarar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Masu nazarin tarihin siyasar Arewa sukan lissafa wannan ƙungiya cikin wuraren farko da 'yan boko suka soma tattauna halin da ƙasarsu take ciki. Wato labarin da suke ba juna ya haɗa da na jama'ar da suka fito daga cikinta.

Mu ma muna da irin wannan labari a gabanmu. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamba 2020, da Kagara da Jangebe a watan Fabrairu 2021, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun kwana, cikinsu har da ta Kafin Maiyaƙi a Kiru. A watan Yuni 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. Ya kamata tsohon ɗalibi ya tambayi kansa: yaushe rabona da makarantar da ta yaye ni? Malamai nawa ne a cikinta? Ina malaman da suka koyar da mu, kuma wane hali suke ciki?

Abin da Masu Saɓani Za Su Ce

Wani zai ce zauren 'yan aji wurin raha ne da tuna baya, idan aka mayar da shi wurin koke-koke masu hali za su gudu, kuma roƙo zai yi yawa. Wani kuma zai ce bin diddigin halin mutum shisshigi ne, tunda bai nemi taimako ba. Akwai gaskiya a cikin duka biyun, domin an sha ganin wanda ya mayar da zumunci hanyar ci. Sai dai ni ban ce a tona asirin kowa a gaban jama'a ba. Abin da nake kira gare shi shi ne a sami mai tambaya a keɓe. Bambancin shisshigi da kulawa a bayyane yake: mai shisshigi yana tambaya ne don ya ba da labari, mai kulawa kuwa don ya rufa asiri.

Mafita

Da farko, kowace ƙungiyar 'yan aji ta rubuta sunayen dukkan waɗanda aka yi karatu tare da su, har da waɗanda ba su kammala ba, sannan ta duba su wa ba a ji daga gare su ba. Na biyu, a wakilta mutum biyu ko uku masu riƙon amana a kowane yanki, misali Kiru da Bebeji, ko Tudun Wada da Doguwa, su riƙa kai ziyara da ƙafa, abin da suka gani kuma ya tsaya tsakaninsu da ma'aji. Na uku, asusun da ake tarawa ya fifita jinya da kuɗin makarantar marayu a kan hayar ɗakin taro da ɗinkin anko. Na huɗu, a riƙa yin taron shekara a harabar tsohuwar makaranta maimakon otal a birni, domin gani ya kori ji, kuma manomi zai iya halarta ba tare da jin nauyi ba. Na biyar, a ajiye muƙamai a bakin ƙofa, a yi magana da Hausa, a kira juna da sunayen da aka saba.

Kammalawa

Ɗaliban da ke karanta wannan littafi malamai ne na gobe, kuma nan ba da daɗewa ba su ma za su rabu da abokan karatunsu. Wasu za su ɗaukaka, wasu za su ƙare aiki a makarantar ƙauye da ba kowa ya san sunanta ba. Ina ba su shawara su riƙe abin da Hausawa suka faɗa, cewa zumunci a ƙafa yake, su kuma koya wa ɗalibansu cewa gaisuwa mabuɗin zance ce. Idan aboki ya ce "sai alheri", a amsa masa da "madalla" kamar yadda al'ada ta tanada. Bayan nan sai a nemi wuri a zauna, a sake tambayarsa.