RA'AYINMU: A TACE RAJISTAR MASU ZAƁE

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin sunaye, ko na makaranta ko na ofis, ya san rubuta suna ya fi cire shi sauƙi. Sai mutum ya rasu, ko ya ƙaura, ko a rubuta shi sau biyu, amma sunansa na nan daram. A rajistar masu jefa ƙuri'a kuwa, irin wannan sakaci yana iya taɓa makomar jiha ɗungum.

Mutanen Tambuwal da Kebbe ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A zaɓen gwamnan Jihar Sakkwato na Maris 2019, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya wuce Alhaji Ahmed Aliyu da ƙuri'a 3,413, amma Hukumar Zaɓe ta ce zaɓe bai kammala ba, domin sunayen da ke rajistar rumfunan da aka soke sun kai 75,403, watau sun ninka ratar sau da yawa. Da aka sake zaɓe a waɗannan rumfuna ran 23 ga Maris, idon kowa ya koma Kebbe, ƙarshe dai ƙuri'a 342 kacal suka raba gardama. Inda tazara ta zama 342, ashe ke nan ko sunayen bogi na unguwa guda ba abin rainawa ba ne. Tun 2022 Hukumar ta koma ƙidaya waɗanda suka karɓi katinsu maimakon dukkan masu rajista, wannan gyara ne, amma wanda ya karɓi kati sa'an nan ya rasu har yanzu yana cikin lissafi.

Hukumar ta yi nata ƙoƙari. A 2022 na'urarta mai gwada zanen yatsa da fuska ta fitar da rajista 2,780,756 daga cikin sababbi 12,298,944, da yawansu na mutanen da suka yi rajista fiye da sau ɗaya. To, amma na'ura ba ta zuwa jana'iza, ba ta zaman makoki. Mai unguwa da liman da 'yan'uwan mamaci su ne suka san wanda ya riga mu gidan gaskiya. Don haka ne Dokar Zaɓe ta 2022 ta tanadi a kafa rajista a bainar jama'a domin kowa ya duba. Da aka kafa ta a Nuwamban 2022, sunaye 53,264 kaɗai aka cire bisa ƙorafi a duk faɗin Nijeriya, cikin rajistar da ta haura miliyan 93. Wannan adadi ya nuna jama'a ba su fito ba.

Kiranmu ga 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata shi ne, duk ranar da aka sake kafa rajista, kowa ya tafi mazaɓarsa ya karanta, ya kuma karanta wa iyayenmu da ba su yi boko ba. Wanda ya sauya gari kuwa, ya nemi a mayar masa da rajistarsa, kada ya yi sabuwa, gama dokar nan ta 2022 ta yanka wa mai rajista biyu tarar da za ta iya kai Naira 100,000 ko ɗaurin shekara guda.

Sai dai lalle ne a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido. A ƙasar Sakkwato, gari guda yana iya samun masu suna Muhammadu Bello goma, kowa da ubansa da gidansa. Kamannin suna ba hujja ba ne, sai an sami shaida. Haka kuma ba mu yarda wani ya fake da tacewa ya nemi a share magoya bayan abokin hamayyarsa ba.

Wannan aiki ba shi da lada ta kuɗi, kuma ba wanda zai yi wa mai yinsa kirari. Amma in mu da muka iya karatu muka ƙi yi, to, kada mu zo gobe muna kukan maguɗi. Allah ya sa mu gane.